Yadda Muka Ƙarfafa Sifirin Bayan Hilux a Magazin

Motar Toyota Hilux ce mai ƙofa huɗu, mai jan ƙafa huɗu, ƙirar da aka yi tsakanin 2005 da 2015, wadda masu sayar da kayan gyara suka fi sani da Vigo. Aikinta ɗauko masara daga Ejura zuwa Aboabo, wani lokaci siminti da rodi zuwa wurin gini. Koken mai ita shi ne na kusan duk mai irin wannan fikof a Kumasi: baya ya zauna, in an yi lodi hanci sai ya kalli sama, a kan kowane tudun rage gudu sai an ji duka daga ƙasa, da dare kuma masu tahowa suna ta watsa masa fitila saboda haskensa na shiga idonsu. Buƙatarsa ba ta da tsawo: "Masta, a ƙara mini falle biyu." Wato a sifirin baya, jerin fallayen ƙarfe da ke ɗauke da nauyin motar.

Mun ce masa, "Alhaji, a bari mu auna tukuna." Ranar ba mu taɓa sifana ba.

Awo kafin kwance ko da noti ɗaya

Mun ajiye motar a daɓen siminti mai daidai, iskar tayoyi huɗu ɗaya, muka sa tef daga tsakiyar wili zuwa leɓen bodi da ke samansa. Daga tsakiyar wili ake aunawa, ba daga ƙasa ba, don kada girman taya ko iskarta su shiga lissafi. Ba lodi, hagu ya ba da milimita 555, dama 570. Da buhu shida a baya, duka biyun suka sauka kusan 470, robar tsayawa da ke saman sifirin ta manne da shasi. Wurin da take dukan ya yi ƙyalli kamar an goge shi, kuma wannan ƙyallin kaɗai ya isa shaida cewa motar ta daɗe tana tafiya a kan roba, ba a kan sifirin ba.

Daga nan sai sikeli. Masu sayen tsohon ƙarfe da masu fasa dutse suna da sikelin da mota ke hawa, ana biyan ɗan abu a auna. Mun auna ta yadda take yawo kullum: kejin ƙarfe da aka yi mata walda a baya, akwatin kayan aiki, safaya ta biyu, galan biyu na ruwa da direba. Waɗannan kayan da ba sa sauka sun kai kusan kilo 250. Sai muka karanta farantin da kamfani ya manna wa motar, mai nuna iyakar nauyinta gaba ɗaya. Tsakanin abin da sikeli ya nuna da abin da faranti ya yarda, abin da ya rage bai kai kilo 600 ba. Buhun masarar da ake kira na kilo 100 kuwa, kowa ya san a bakin gona ya kan wuce haka. Wato buhu biyar sun cinye rabon motar tun kafin yaran lodi su shiga.

Nan ne yawancin masu mota ke ruɗuwa. Ana cewa fikof na ɗaukar tan ɗaya, amma a cikin tan ɗin akwai direba, fasinja, keji da duk wani ƙarfe da aka ƙara mata bayan ta fito daga kamfani. Buhun siminti 20 tan ɗaya ne cif. Tankin roba mai lita 1,000 in ya cika shi ma tan ɗaya ne, ban da nauyin tankin. Sabon sifirin zai hana baya zama, zai sa mota ta daina rangaji, amma ba ya ƙara wa shasi kauri, ba ya ƙara wa biyarin bakasil, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya biyu, ƙarfi, ba ya ƙara wa birki faɗi. Mun faɗa wa mai motar haka tun kafin ya fitar da sidi ɗaya.

Akwai kuma inda ake ɗora kayan. A mota mai ƙofa huɗu, yawancin bodin kaya yana bayan bakasil ne. Tazarar ƙafar gaba da ta baya a Vigo milimita 3,085 ce. In ka ɗora kilo 300 can bakin ƙofar baya, mita ɗaya a bayan bakasil, bakasil ɗin kusan kilo 400 yake ji, ƙafar gaba kuma ta rasa kusan kilo 100. Shi ya sa sitiyari ke yin sakwa-sakwa in an yi irin wannan lodi, shi ya sa kuma ake ganin fikof da shasinsu ya lanƙwashe daidai tsakanin gidan direba da bodi. Kaya mai nauyi a jingina shi da bayan gidan direba, mara nauyi ya bi baya. Wannan gyara ne da ba a biya.

Abin da muka gani da muka leƙa ƙasa

Sifirin na asali ne, manyan falle uku a sama, gajeru biyu masu kauri a ƙasa waɗanda ba sa shiga aiki sai lodi ya danne. Manyan sun miƙe sun kwanta a kan gajerun ko da babu kaya. A hagu, falle na biyu ya tsage dab da santabol, botin da ya ratsa tsakiyar fallayen ya haɗa su, ana ganin jan tsatsa na fitowa daga tsagar. Bushin na shakul, wato robobin maratayin da ke haɗa ƙarshen sifirin na baya da shasi, sun cinye har ƙarfe na cin ƙarfe. Shoka ɗaya ta jiƙe da mai, ɗayar a bushe, amma da muka zagaya da motar a kan gargada muka taɓa ta, sanyi ƙalau. Shokar da ke aiki tana ɗaukar ɗumi. Wadda ta dawo da sanyi ta mutu.

Tsagewa kusa da santabol kusan kullum laifin yubol ne, wato boti mai siffar U da ke ɗaure sifirin da bakasil. Tsakiyar sifirin, inda aka huda, shi ne wuri mafi rauni, kuma ba a yi shi don ya lanƙwasa ba. Yubol ne ke matse shi ya zama dunƙule ɗaya. Da zarar sun saki ko kaɗan, fallen sai su fara motsi a bakin ramin, daga nan sai tsaga.

Hanyoyi uku, da wadda muka ɗauka

A Magazin, unguwar masu gyaran mota da ke Suame a Kumasi, babu abin da ba a yi wa sifirin. Hanya mafi araha ita ce a kwance shi a kai wa maƙera su buge kowane falle da guduma a kan maƙera har lanƙwasarsa ta dawo. Mota za ta tashi a ranar, mai ita ya tafi da murna. Amma ƙarfen da ya gaji ya gaji, bugu ba ya mayar masa da ƙuruciya, bayan 'yan watanni na lodi sai ya koma inda yake. Mafi muni shi ne wanda ake gasawa da wutar gas kafin a lanƙwasa. Ƙarfen sifirin an dafa shi ne an sanyaya da ƙa'ida a masana'anta, wutar gas tana kashe wannan dahuwar, wurin ya yi laushi ko ya yi gautsi. Haka walda. Fallen da aka yi wa walda zai sake karyewa a gefen waldar, sai dai a yi ta don mota ta fito daga daji ta iso gari.

Hanya ta biyu ita ce ƙarin falle, kuma ita ce mafi yawan masu fikof ke bi, don haka bari in tsaya a kanta ko da yake ba ita muka yi ba. Tana da kyau matuƙar sauran sifirin na da rai. Sharuɗɗanta: faɗin fallen ya zama ɗaya da na motar, na Hilux milimita 60 ne, kada a karɓi na wata mota a ce za a rage shi da giranda. Kaurinsa ya yi kusa da na 'yan'uwansa. Lanƙwasarsa ta ɗan fi tasu kaɗan kawai, domin in ta fi da yawa shi kaɗai zai ɗauki nauyin har ya karye. Dogon falle da ya kusa kaiwa idon sifirin, a sa shi ƙarƙashin na biyu, ya fi gajere mai kauri nesa ba kusa ba. Gajeren yana ɗaga mota, amma yana taurara ta, kuma bakinsa yana haƙa rami a cikin fallen da ke samansa, daidai nan uwar sifirin, wato babban fallen sama, ke karyewa daga baya. A goge bakin sabon fallen ya yi sulɓi. Tsayin fallayen ya riƙa raguwa daki-daki daga sama zuwa ƙasa. Kuma hagu da dama tare ake yi, daga ƙarfe iri ɗaya.

Wajen kwance santabol, a fara matse sifirin da matsi biyu, ɗaya kowane gefe, sannan a kwance notin, a riƙa sassauta matsin a hankali. Sifirin da aka sake shi gaba ɗaya yana iya tsinke yatsa. Santabol sabo ake sawa, mai tsayin da zai ɗauki ƙarin kaurin, kuma kansa ya shige ramin kujerar bakasil daidai ba tare da wasa ba. Kusar gini ko wani boti da aka goge kansa ba santabol ba ne. Kilif ɗin da ke riƙe fallaye su ma sai an sauya su da masu tsawo, in ba haka ba fallen zai karkace ya yanki taya.

Falle biyu da Alhaji ya nema ba za su yi ba, saboda ɗora sabon ƙarfe a kan wanda ya miƙe ya kuma tsage asarar sabon ne. Sai muka ɗauki hanya ta uku: sabon sifirin cikakke, hagu da dama.

Nan ma akwai zaɓi. Akwai hom-yus, wato na hannu da aka yi amfani da su a ƙasar waje, da ke shigowa ta tashar Tema, ana samunsu a Suame da Abossey Okai a Accra. In za ka saya, ka kifa su biyun a ƙasa kusa da juna, ka auna tsayin lanƙwasar kowanne, ka duba ƙarƙashin kilif da bakin santabol, ka ƙi wanda aka yi wa sabon baƙin fenti. Amma hom-yus na asali ƙarfinsa na asali ne, zai mayar da mota yadda kamfani ya yi ta, ba zai wuce haka ba. Sannan akwai na ƙarfafawa, irin na Old Man Emu, Ironman 4x4 da Dobinsons, duka na Ostiraliya, waɗanda ake sayarwa gwargwadon nauyin da mota ke yawo da shi kullum. Wannan kalmar ta "kullum" ita ce gaba ɗayan zancen. Wanda ya sayi na kilo 500 saboda lodin da yake yi ranar kasuwa kaɗai, sauran kwana shida zai yi su a kan motar da ke tsalle, bayanta na zamewa in an yi ruwa, walda na tsagewa a bodi. Tunda kayan da ba sa sauka a motarmu kilo 250 ne, mun ɗauki ajin kilo 300, wanda ke ɗaga baya tsakanin milimita 40 da 50.

A kula da ƙira. Sifirin ƙirar Hilux da ta fito a 2015, wato Revo, irin wadda aka fara haɗawa a Tema a 2021, ya fi na Vigo tsawo, ba ya shiga. Mai shago zai iya ce maka duk Hilux ne. Ka je da tef, ka auna daga tsakiyar idon gaba zuwa santabol, daga santabol zuwa idon baya, ka gwada da naka.

Jakar iska da ake sawa tsakanin shasi da bakasil ba mu ba da shawararta ga motar lodi ba. Sifirin yana raba nauyi ne a wuri biyu masu nisa a jikin shasi, jakar kuwa tana tattara shi a tsakiya inda ba a gina don haka ba, kuma da yake mota na miƙewa da zarar an ƙara iska, direba sai ya ga kamar akwai sauran wuri.

Abin da muka tara kafin ranar aiki: sifirin biyu, yubol huɗu sababbi da notinsu da washa, bushin cikakken saiti, shakul da fin masu kan giris, shoka biyu masu tsayin da ya dace da ɗagin, ɗan farantin ƙarfe na bawul ɗin birki, da giris. Yubol ba a maimaita shi. Ya riga ya miƙe a ɗaurin farko, zarensa ya ci, ba zai sake riƙe matsi yadda ya kamata ba. Wanda ya kashe kuɗin sifirin ya tsaya jayayya a kan kuɗin yubol, shi ne zai dawo da tsagaggen falle.

Ranar aiki

Tun jajibere muka wanke ƙarƙashin motar, muka fesa man kwance tsatsa a kan kowane noti. Da safe muka tare tayoyin gaba da katako gaba da baya, muka cire safaya don samun wuri, muka ɗaga da jak a ƙarƙashin bakasil, muka sa tokarin ƙarfe biyu a jikin shasi gaba kaɗan da inda sifirin ke maƙale. Bulo da tarin duwatsu ba tokari ba ne. Jak ya zauna a ƙarƙashin bakasil har ƙarshen aiki, kuma gefe ɗaya muka gama kafin mu taɓa ɗayan, don bakasil kada ya juya ko ya goce.

Kafin a sauke bakasil akwai abubuwa huɗu da za a saki, kuma yaran gareji sun fi manta su: maƙalin tiyon birki, maƙalin wayar hanbirki, sandar bawul ɗin birki, da ƙaramin tiyon numfashin bakasil. In motar na da ABS, wayarsa ta biyar. Tiyon birkin da bakasil ya rataya a kansa ko na minti ɗaya, a ɗauka ya lalace ko da bai nuna ba.

Muka cire shoka, muka kwance notin yubol huɗu, muka sassauta jak har kan santabol ya fita daga raminsa. Sai shakul a baya, sai fin na gaba. Fin ɗin gaba na hagu ya ci tsatsa ya manne da bututun ƙarfen cikin bushin, noti ya fita amma shi ya ƙi motsi. Dukansa da babbar guduma yana buɗe kunnuwan maƙalin ne kawai. Mun zura zarto tsakanin idon sifirin da maƙalin, muka yanke shi gefe biyu. Wutar gas ba ta zuwa nan, tankin mai da bututunsa suna kusa. Sifirin na da nauyi, mutum biyu ne ke sauke shi.

Da wurin ya zama fili muka goge maƙalai da burushin ƙarfe muka duba. Ramin fin ya zama da'ira sosai. In ya zama kamar ƙwai, sabon bushin ba zai hana ƙara ba, sai an cike an sake hudawa. Muka duba shasi sama da robar tsayawa da kuma bayan gidan direba ko akwai tsaga, muka duba ramin kujerar bakasil ko ya faɗaɗa. Duk lafiya.

Sabbin sifirin biyun mun kifa su a ƙasa, ɗaya ya ɗan fi lanƙwasa, shi muka kai hagu inda awo ya nuna motar ta fi zama, gefen da direba yake. Santabol ba a tsakiya yake ba, gajeren ɓangare ne ke kallon gaba, nan ne kuma falle na biyu ya naɗe idon don ya riƙe bakasil in uwar ta karye. In aka juya shi, taya za ta koma baya a cikin bodi, farfela, sandar da ke kai juyin inji ga bakasil, ta zare.

Bushin da suka zo da shi na roba mai tauri ne da ake kira foli, waɗanda ke juyawa a kan fin, don haka suna son giris ciki da waje, in babu sai kuka. Baƙar roba ta asali kuwa ba a shafa mata giris ɗin mota, yana kumbura ta ya ruɓar da ita. Ruwan sabulu ya ishe ta shiga.

Idon gaba muka fara maƙalawa, sai shakul, noti duk da hannu kawai. Muka ɗaga bakasil a hankali. Kan santabol bai faɗa rami ba, ya saura kamar rabin yatsa, abin da aka saba gani da sabon sifirin mai lanƙwasa. Igiyar ɗaure kaya mai ƙugiya muka sa muka jawo bakasil har muka ji ya faɗa. Sai an gani da ido cewa sifirin ya zauna daram a kan kujerarsa kafin a ɗaure, in ba haka ba yubol zai murƙushe kan santabol. Wajen ɗagawa kuma a sa ido kan shakul, ya karkata baya. Sabon sifirin na iya tura shi ya kife gaba ya maƙale da shasi, sai an sa ƙarfe an tare shi yayin da nauyi ke sauka.

Robar tsayawa ta koma samansa, yubol suka bi ta kai, faranti a ƙasa. Ɗauri a gicciye, kaɗan-kaɗan, zagaye uku: 40, sai 80, sai 120 Nm da sifana mai ma'auni. Wannan na yubol mai kaurin milimita 14 ne, in takardar da ta zo da naka ta faɗi wani adadi, ita za ka bi. Zaren da ya leƙo a ƙarƙashin noti huɗun ya zama tsayi ɗaya, alamar faranti bai karkace ba. Abin da ya yi tsawo da yawa mun yanke, don dutse kada ya lanƙwasa shi.

Shoka ba ta ɗaukar kaya, aikinta kashe rawar sifirin. Amma sifirin mai ƙarfi yana mayar da duka da ƙarfi, tsohuwar shoka ba ta iya riƙe shi. Tsayi muka gwada ta hanya biyu. Da bakasil a rataye, shoka ta kai maƙalinta ba tare da an ɗaga shi da yawa ba, kuma tiyon birki na da sauran sassauci. A matse kuma, tsayinta ya gaza tazarar da za ta rage lokacin da robar tsayawa ta taɓa shasi. Gajeriyar shoka tana tsinke idonta a rami, doguwa fiye da kima ita ke karɓar duka maimakon roba, har maƙalinta ya ɓalle.

Muka sa tayoyi, muka sauke mota ƙasa, muka mayar da akwati da safaya da galan, muka girgiza ta, muka tura ta gaba da baya. Sai a sannan muka ɗaure fin na gaba da shakul da shoka. Bushin baƙar roba da aka ɗaure shi mota na rataye, da an sauke sai ya murɗe ya zauna a murɗe, ba ya shekara. Muka auna daga tsakiyar wilin gaba zuwa na baya, hagu da dama suka zo ɗaya. In sun bambanta da yawa, mota za ta riƙa tafiya a karkace tana cin taya.

Bawul ɗin da ake mantawa

Wannan motar tana da bawul a jikin shasi kusa da bakasil, da doguwar sanda da ta haɗa su. Aikinsa auna zaman mota. In lodi ya danne baya, sandar ta motsa, bawul ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. In babu kaya, ya rage, don tayoyin baya kada su kulle. To ka ɗaga bodi da milimita 45, ka kuma sa sifirin da ba ya sauka sosai. Bawul zai riƙa ganin mota fanko ce alhali tana ɗauke da masara, birkin gaba kaɗai zai yi ta aiki. Wanda ya san gangaren Mampong ya san abin da hakan ke nufi da lodi a baya.

Maganin ɗan faranti ne da ke ɗaga wurin da sandar ke maƙale a bakasil, daidai da yawan ɗagin da mota ta samu. Mun sa shi, muka gwada a filin jar ƙasa: ba kaya, birki mai ƙarfi, gaba ya fara kamawa kafin baya. Abin da wasu ke yi na ɗaure sandar sama da waya don birkin baya ya samu cikakken ƙarfi kullum, haɗari ne, ranar da aka yi ruwa mota ba kaya bayanta zai riga gabanta. Motocin da na'ura ke raba musu ƙarfin birki ba su da wannan bawul, leƙawa ɗaya za ta nuna maka.

Gwaji da abin da ya biyo baya

Sabon awo: 610 hagu, 612 dama da kayan kullum. Da buhu biyar jingine da bayan gidan direba ta sauka kusan 550, da sauran tazara mai kyau tsakanin roba da shasi.

A hanya mun ji 'yar karkarwa daga ƙasa wajen tashi, tsakanin giya ta ɗaya da ta biyu, tana ɓacewa in mota ta ɗauki gudu. Farfelar mota mai ƙofa huɗu gaɓa biyu ce da biyarin a tsakiya, ɗagin ya sauya kusurwarta. Mun sauke biyarin ɗin da faranti mai kaurin milimita 10 da boti masu tsawo, karkarwar ta tafi. In ba ta tafi da haka ba, ana sa ɗan ƙarfe mai tsini tsakanin sifirin da kujerarsa don gyara kallon bakasil. Ɗagin da ya wuce milimita 50 kuwa yana jawo dogon tiyon birki da sauran kashe kuɗi, motar aiki ba ta buƙatarsa.

Tunda baya ya tashi, fitilu sun koma kallon ƙasa, muka saita su da kayan kullum a kai, muka kai ta a duba alaimen. Muka karanta lambar nauyi a jikin taya: 112, wato kilo 1,120 kowace ɗaya in iskarta ta cika. Tayar hom-yus mai ƙaramar lamba ita ce za ta fara fashewa a zafin hanyar Techiman, komai kyan sifirin. Iskar lodi daban, ta fanko daban, duka suna rubuce a takardar jikin ƙofar direba. Rabin taurin da ake ɗora wa sabon sifirin laifi, iskar lodi ce da aka bari a taya bayan an sauke kaya.

Ba kaya, motar ta fi da tauri, babu amfanin ɓoye wannan. Da kayan kullum ta fi daɗi nesa, rangaji a kwana ya ragu, dukan ƙasa ya daina.

Bayan kilomita 500, wato zuwa Ejura da dawowa sau biyu ko uku, ta dawo. Fentin da ke tsakanin fallaye ya murje, sifirin ya zauna da kusan milimita 10, kowane notin yubol ya karɓi ƙarin ɗauri kafin sifana ta yi ƙara. Wannan dawowar ba ta son rai ba ce, ita ke hana tsagar da muka tarar a tsohon. Daga nan kuma, duk sauyin man inji a buga giris a fin da shakul har sabo ya leƙo, a gwada notin yubol, a duba kilif. Da damina a riƙa wanke jar lakar da ke shiga tsakanin fallaye, domin in ta bushe tana cin ƙarfe tana riƙe danshi. Baƙin mai da ake watsa wa sifirin don ya daina kuka yana tara yashi ne, yana kuma kashe bushin, giris mai garafait, baƙin garin nan irin na cikin fensir, a bakin fallaye ya wadatar.

Masu Hardbody, L200, D-Max da Ranger, tsarin aikin ɗaya ne, awo da adadin ɗauri ne suka bambanta. Abu biyu za a duba kafin a sayi komai. A wasu fikof marasa tsayi masu jan ƙafa biyu, sifirin ta ƙarƙashin bakasil yake bi, don haka kaurin fallen da aka ƙara ba ya ƙara wa mota tsayi, lanƙwasarsa ce kaɗai ke ɗagawa. Wasu sababbin Navara masu ƙofa huɗu kuma ba su da falle ko ɗaya a baya, naɗaɗɗen sifirin gare su da sanduna biyar, nasu gyaran na sauya naɗin ne da duba bushin sandunan.